Haƙƙin Ratsawa: Wayoyin Wuta da Bututun Mai a Gonakin Jama'a

Duk matafiyin da ya tashi daga Kaduna ya nufi Kano, in yana lura da gefen hanya, ba zai rasa hango dogayen turakun ƙarfe a wurare da dama ba, jere bi-da-bi, ɗauke da manyan wayoyin wutar lantarki daga tashar Mando zuwa tashar Kumbotso, suna keta gonakin dawa da masara, suna tsallake fadamu da ƙauyuka, ba sa ratse wa kowa. Kaɗan ne ke tuna cewa kowace ƙafa ta waɗannan turaku a cikin gonar wani aka kafa ta, kuma ƙasar da ke shimfiɗe ƙarƙashin wayoyin tana da masu ita, waɗanda suka gada daga iyaye ko suka saya da guminsu, suna nomanta har yau, alhali kuwa ba su da ikon dasa ko da mangwaro guda a cikinta. Mas'alar da ke gabanmu ke nan: da wace hujja ake ba kamfanin wuta, ko na mai, ko na ruwa, ikon ratsa mallakar mutum, mene ne iyakar wannan iko, kuma mene ne haƙƙin wanda aka ratsa ta kansa?

Ya kamata a fara da bambance wannan haƙƙi da ciniki, a kuma bambance shi da ƙwace. A ciniki, mai fili yakan karɓi kuɗinsa ya fita, ya bar wa mai saye komai. A ƙwace don amfanin jama'a, hukuma takan soke mallakarsa ta ɗauke filin ɗungurungum. Amma a haƙƙin ratsawa, asalin fili yakan iya zama a hannun mai shi, sai dai an ɗora masa wani nauyi na dindindin: kamfani zai kafa turakunsa ko ya binne bututunsa, zai shigo da ma'aikata da motoci a duk lokacin da gyara ya kama, zai sare duk itacen da ya yi tsawon da zai kusanci waya, kuma zai hana gini a cikin wani faɗi sananne. Wannan nauyi ba ya bin mutum, ƙasar yake bi, domin haka in mai gona ya rasu magada su gaji gonar da nauyinta, in kuma an sayar, mai saye ya saya da shi, ko ya sani ko bai sani ba.

Faɗin da ake magana ba ƙarami ba ne. Ƙa'idojin lantarki na Nijeriya sun tanadi mita 50 ga layi mai ƙarfin kilobolt 330, wato mita 25 ta kowane gefe, da mita 30 ga mai kilobolt 132, da mita 11 ga ƙananan layuka masu kilobolt 33 da 11, waɗanda su ne ke shiga garuruwa a kan falwayoyin siminti. In aka yi lissafi za a ga babban layi yana cin hekta biyar a kowace kilomita guda, ke nan layin da ya haura kilomita 200, kamar na Kaduna zuwa Kano, ya shimfiɗa inuwarsa a kan fiye da hekta 1,000 ta ƙasar mutane. Manomin da gonarsa duka ba ta wuce hekta ɗaya ba, in layi ya bi ta tsakiyarta tsawon mita 100, rabinta ya shiga ƙarƙashin hukunci ke nan.

Babu mai hankalin da zai yi musun larurar abin. Ana samar da wutar ƙasar nan a nesa da mafi yawan masu shanta: madatsar Kainji da aka kammala a 1968, da ta Jebba a 1985, da ta Shiroro a 1990, da kuma tashoshin iskar gas da galibinsu ke Kudu. Waya kuwa ba ta da hanyar zuwa Kano ko Sakkwato ko Maiduguri face ta kan ƙasar wani, kuma da za a ce sai kowane mai gona ya yarda bisa farashin da ya ga dama, da mutum guda ya isa ya tsayar da aikin da dubban ɗaruruwan mutane ke jira. Mutanen Arewa sun ɗanɗani darajar waɗannan layuka a watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Mando, sa'an nan na Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala, har jihohi da yawa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, injinan niƙa suka tsaya, ruwan sha ya yi tsada, asibitoci suka koma ga janareto. Haka nan bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ba shi da inda zai bi sai gonaki da dazuzzuka.

Ba baƙon al'amari ba ne a ƙasar Hausa a ce mutum ya bar hanya a cikin abinsa domin wani ya wuce. Tun kafin zuwan Turawa akwai burtali tsakanin gonaki domin shanu su isa mashaya ba tare da sun yi ɓarna ba, kuma manomin da ya cinye burtali da garma yakan gamu da dagaci. A cikin birni ma, ruwan indararon wani yakan bi ta rariyar da ta ratsa gidan maƙwabcinsa, ba kuwa mai toshewa. Malaman fiƙihu sun tsara waɗannan al'amura a babi sananne, suka ambaci haƙƙin rabon ruwan ban-ruwa, da haƙƙin jawo ruwa ta ƙasar wani, da haƙƙin fitar da ruwan da ya yi saura, da haƙƙin wucewa da ƙafa ko da dabba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya wallafa littafi a kan hukunce-hukuncen ƙasa, Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke keɓanta da fili da kuma hurumin da ake bari kewaye da gari da rijiya.

Mafi shaharar hujja a wannan babi ita ce ƙissar da Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa. Dahhaku ɗan Halifa ya jawo ruwa daga wani wuri da ake kira Uraidu a kusa da Madina, ya so ya bi da shi ta gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi, ko da yake an nuna masa cewa shi ma zai sha daga ruwan kuma ba zai cutu ba. Da magana ta je gaban Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, sai ya kira Muhammadu ya lallashe shi, ya sake ƙi, sa'an nan Halifa Umar ya yi rantsuwa cewa sai ruwan ya wuce, ya kuma umurci Dahhaku da ya bi da shi. A lura da sharuɗɗa biyu da hukuncin ya tsaya a kansu: mai neman hanya yana da buƙata ta haƙiƙa, mai ƙasa kuma ba ya cutuwa, hasali ma yana amfana.

Sai dai akwai abin da ya fi wannan jan hankali. An ruwaito daga Imamu Malik kansa, wanda ya kawo ƙissar, cewa bai ga a tilasta wa mutane da ita a zamaninsa ba, domin halin mutane ya sauya, kuma yana tsoron kada zamani ya yi tsawo, a manta yadda aka yi ruwan ya fara bin wurin, sa'an nan wanda aka yi wa alfarma ya wayi gari yana da'awar cewa ƙasar tasa ce. Wannan tsoro na mantuwa, a ganina, shi ne mabuɗin mas'alar baki ɗaya har a yau, domin haƙƙin da zai rayu shekara hamsin ko ɗari a kan ƙasa, alhali waɗanda suka ƙulla shi ba za su kai haka ba, in ba a rubuta iyakarsa an adana ba, ƙarshensa husuma ce, ko mai ƙarfi ya faɗaɗa shi ko mai ƙasa ya yi kamar babu shi.

Game da inda cuta ta tabbata kuwa, malamai sukan kafa hujja da faɗaɗa Masallacin Harami a zamanin Sayyidina Umar da Sayyidina Usman, inda aka sayi gidajen da ke kewaye, waɗanda suka ƙi sayarwa kuma aka rushe nasu aka ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka karɓa. Daga nan aka fahimci cewa maslahar jama'a tana iya rinjayar ƙin mutum guda, amma ba ta kayar da haƙƙinsa na ƙimar abinsa. Larura tana halatta a ratsa, ba ta halatta a ratsa kyauta.

To, yaya dokar zamani ta tsaya a kan wannan ma'auni? Tun a 1910 Turawan mulki suka shelanta cewa ƙasar Arewa tana ƙarƙashin kulawar Gwamna domin amfanin 'yan ƙasa, gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan tsari a dokar 1962, sa'an nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a zamanin Janar Obasanjo, ta shimfiɗa shi a kan tarayya baki ɗaya. Bisa wannan doka, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamnanta, abin da mutum ke riƙe da shi kuwa haƙƙin zama da amfani ne, wanda gwamna ke da ikon sokewa saboda maslahar jama'a, kuma dokar ta ambaci bututun mai da samar da lantarki da sadarwa a cikin abubuwan da suka shiga wannan maslaha. A ɗaya ɓangaren, sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta biyan diyya ba da jinkiri ba, ya kuma ba wanda aka karɓi abinsa ikon zuwa kotu. Hukumar kula da lantarki, NERC, ita ma ta fitar da ƙa'idoji a 2012 game da yadda kamfanoni za su nemi fili da hanyar wucewa.

A takarda, ke nan, babu abin da ya ɓace. Matsalar tana cikin abin da ake ƙirgawa. Dokar 1978 ta ce a biya diyyar abin da mutum ya raya a kan ƙasa: gini bisa kuɗin sake yin irinsa bayan an cire tsufansa, amfanin gona da itatuwa bisa ƙimar da jami'in gwamnati ya yanke. Ita kanta ƙasar kuwa, abin da ake mayar wa mutum shi ne kuɗin hayar da ya biya gwamnati a shekarar, in ya biya, manomin ƙauye kuwa galibi bai biya komai ba, domin haka ba ya samun komai.

Ga yadda abin yakan kasance. Wata rana da rani sai a ga 'yan safiyo sun sauka da na'urorinsu, suna kafa 'yan turaku masu jan fenti a cikin saura. Bayan watanni masu ƙirga su zo, mai unguwa na biye da su yana nuna gonar wane da ta wane, su ƙirga ɗorawa biyu, kaɗanya uku, tsamiya ɗaya, su rubuta a fom, su ɗauki hoton mai gona riƙe da allo mai lamba, ya dangwala yatsa. Da yake rani ne, babu shuka a ƙasa, ba a rubuta amfanin gona ba. Kuɗin kuma mai yiwuwa sai bayan shekaru za su fito, bisa jadawalin farashin da aka tsara tun kafin darajar naira ta faɗi. Ɗorawar da matan gida ke samun kalwar daddawa daga gare ta kowace shekara, wadda sabon dashenta sai ya shekara da yawa kafin ya fara 'ya'ya, an biya ta sau ɗaya an gama. Daga baya a zuba kankare a kafa ƙafafu huɗu a tsakiyar gona, kowace damina shanun huɗa su riƙa katse kunya suna zagaye su, ƙasar da katafila ta danne kuma ta yi shekaru ba ta dawo daidai ba.

Asarar da ta fi kowacce girma ita ce wadda ba a gani ran ƙirga. Gonar da ke bayan gari a yau, nan da shekara goma gari zai iso ta, maƙwabta su yanka tasu fuloti-fuloti su sayar da tsada, shi kuwa wanda waya ta bi ta kansa ba mai taya nasa, sai dai ya ci gaba da shuka gyaɗa da wake. Abin lura shi ne, tsohuwar Dokar Bututun Mai ta 1956 ta lissafa raguwar darajar fili cikin abubuwan da kotu za ta duba wajen yanke diyya, wato masu dokar wancan lokaci sun san da wannan asara. Ga kuma tambayar wa zai karɓa: gonar gado da ba a raba ba, wadda babban wa ke riƙe da ita, sau da yawa sunansa kaɗai ke shiga fom, mata da marayu su ji labari daga baya; mai aro da mai riƙe da jingina, waɗanda su ne suka yi wahalar noman, ba su da takardar da za su nuna; a tsakani kuma akwai masu shiga a matsayin wakilai suna yankar kasonsu.

Wani sauyi ya ƙara wa mas'alar nauyi. A zamanin hukumar NEPA, wadda aka kafa a 1972, mai gona yana iya lallashin kansa da cewa gwamnati ce ta ratsa shi domin talakawa. Amma tun watan Nuwamba na 2013 kamfanonin rarraba wuta, irin su na Kano da Jos, sun koma hannun 'yan kasuwa masu neman riba, kamfanin TCN mai manyan layuka kuwa ya rage a hannun gwamnati. Wannan bai soke maslaha ba, domin wutar da ɗan kasuwa ya kawo ita ce dai ke juya injin asibiti, amma ya raunana uzurin tauye diyya, domin ba daidai ba ne a ce mai rauni ya sadaukar da ƙasarsa da araha, wani kuma ya ci ribarta shekara da shekaru. Ɓacin ran ya fi tsanani a ƙauyukan da manyan wayoyi ke wucewa ta kansu suna ƙugi da dare, su kuwa suna kunna fitilar batir, wato sharaɗin amfanar mai ƙasa da ke cikin hukuncin Sayyidina Umar bai cika a kansu ba.

Adalci ya wajabta a faɗi laifin ɗaya ɓangaren. A bayan kusan kowane babban gari za a tarar da gidaje, da garejin kanikawa, da masu buga bulo, da tashoshin mota, har da makarantu, a ƙarƙashin manyan wayoyi ko a kan bututu. Wasu daga cikin filayen nan an biya diyyarsu tun zamanin kakanni, jikoki suka sake sayarwa ta hannun dillalai, alhali kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wasu masu sayen kuwa ba su san komai ba, domin takardar cinikin da aka sa musu hannu ba ta ambaci wata hanya ba, kuma ba wanda ya hana su sa'ad da suke haƙa harsashi, sai bayan sun tare aka zo da jan fenti aka rubuta rusau a bango. Haɗarin kuma ba tatsuniya ba ne. A watan Afrilu na 2017 babbar waya ta tsinke ta faɗa kan wani gidan kallon ƙwallo a Kalaba, mutane suka halaka nan take, kuma a watan Oktoba na 1998 gobarar bututun mai a Jesse, cikin Jihar Delta, ta ci rayuka fiye da dubu. Hanyar da aka toshe da gine-gine kuma takan hana ma'aikata isa wurin gyara, ta jinkirta sabbin layuka, jama'a duka su ɗauki asarar.

In aka duba da kyau za a ga ɓarnar ɓangarorin biyu daga tushe ɗaya ta fito, wato abin nan da Imamu Malik ya ji tsoro. Ba a sanya hanyar a taswirar filaye ta jiha ba, ba a rubuta ta a jikin takardar mallaka ba, kwafin yarjejeniya ba ya hannun mai gona, alamun kan iyaka sun tumɓuke, jami'an da suka biya sun yi ritaya, dattawan da suka shaida sun riga mu gidan gaskiya. Sai kamfani ya zo ya ƙara layi na biyu a gefen na farko yana cewa an riga an biya, mai ƙasa kuma ya yanka fuloti yana cewa ba a taɓa biya ba, kowannensu babu hujja a hannunsa.

Ba a rasa misalin abin da ya fi wannan ba. A ayyukan da Bankin Duniya ko Bankin Raya Afirka ke ba da rance, kamar sabon layin kilobolt 330 da zai haɗa Birnin Kebbi da Yamai da Wagadugu da arewacin Benin, sharaɗi ne a ƙirga duk wanda aikin zai shafa, har da marasa takarda, a biya cikakken kuɗin maye gurbin abin da aka rasa, a biya kafin a fara aiki, a kuma buɗe ƙofar kai ƙorafi. Ko da aiwatarwa takan gaza abin da aka rubuta, wannan ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne, kuma abin kunya ne a ce sai mai ba da rance daga waje ya tilasta kafin a yi wa ɗan ƙasa adalci.

Gyaran da ake buƙata a bayyane yake. A zaɓi hanyar da ta fi ƙarancin cuta bayan an saurari mutanen wurin, tun kafin a kafa turken farko. A riƙa sabunta jadawalin diyya daidai da farashin kasuwa, a shigar da raguwar darajar fili, a kuma duba yiwuwar biyan hayar shekara-shekara a kan gurbin kowane turke, kamar yadda kamfanonin waya ke biyan masu filayen da suka kafa eriyarsu a ciki, domin wanda ke karɓar haya kowace shekara ba ya mantawa, kuma yakan zama mai gadin abin da ke cikin gonarsa. A raba kuɗin gonar gado a gaban alƙali bisa rabon shari'a. A rubuta kowace hanya a ma'aikatar filaye, a ba mai gona kwafi, a ajiye wani a wurin hakimi, a kafa alamun siminti masu ɗorewa, kuma duk mai unguwa ko jami'in da ya sa hannu a cinikin fili a ƙarƙashin waya ya amsa tambaya. Shi kuma mai neman fuloti, kafin ya ƙirga kuɗi, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya auna tazara, ya je ma'aikatar filaye ya bincika. Kamfani yana da haƙƙin wucewa, mai ƙasa yana da haƙƙin cikakkiyar ƙima, kuma babu ɗayansu da zai tsira daga zaluncin ɗan'uwansa sai an rubuta haƙƙin kowa a inda 'ya'ya da jikoki za su iya zuwa su karanta.